Ranar da Gidan Tarihinmu Ya Cika

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kafin wani aboki ya ba ni shawarar in koma aikin ofis, inda a cewarsa mutum zai zauna a kujera ya huta da ƙurar alli. Na bi shawarar. Aka ɗauke ni a wata ma'aikata mai kula da kayan al'adu a Abuja, na yi wata huɗu ina jiran a ba ni tebur. Da aka buɗe takarduna aka ga kalmar tarihi ta fito har sau uku, sai aka yanke shawarar cewa na fi ƙarfin tebur. Aka tura ni wani ƙaramin gari can gaba da Sheda a kan hanyar Lokoja, a matsayin jami'i mai kula da gidan adana kayan tarihinsa.

Ba zan faɗi sunan garin ba, domin mutanensa ba su taɓa yi mini komai ba sai alheri, kuma alherin nasu ne ya jawo wannan rubutu. Tsohon gari ne na Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muka daɗe muna kira Gwari ba tare da mun tambaye su ba. Ya girmi Abuja nesa ba kusa ba, ya kuma san da haka.

Gidan tarihin ɗaki biyu ne da baranda. Ɗakin farko na tukwane ne da tuluna, da wata randa da babban mutum zai iya shiga ya tsuguna. A na biyu akwai kwari da baka, fartanyoyi, dutsen niƙa, da wata ganga da fatarta ta yage tun kafin zuwana. A bakin babban titi an kafa allo mai shelanta abin da baƙo zai iya gani ba tare da ya biya ko sisi ba: gidan tarihin, ragowar ganuwa, dutsen da mutanen garin suka zauna a kansa zamanin hare-hare, ramukan wata tsohuwar marina, da unguwar masu ginin tukwane. Duk kyauta. A nan na gane cewa ɗan Abuja ba ya yarda da abin da aka ce masa kyauta ne. Zai biya kuɗi a ƙofar wurin shaƙatawa don ya zauna a kan ciyawa, amma ganuwar da ba mai tsare shi a bakinta, wannan ya tabbata akwai wani abu a ƙasa. Motoci suna wucewa ta gaban allon a guje, masu zuwa Lokoja da masu dawowa. Wani lokaci ɗaya takan tsaya, in miƙe tsaye, sai in ga direba ne ya fito kama ruwa.

Iyalina kuwa suna unguwar Durumi a cikin Abuja. Matata tana da shagon atamfa a kasuwar Utako, yaranmu biyu suna makaranta a cikin gari, ba yadda za a yi a kwashe su. Ina fita bayan sallar asuba, in hau mota biyu da babur guda, in isa wajen ƙarfe tara idan Allah ya so kuma direba bai tsaya neman fasinja a Gwagwalada ba. In dawo na tarar sun yi barci. Asabar da Lahadi nake ganin 'ya'yana. Sauran kwanaki takalmansu nake gani a bakin ƙofa, da su nake gane cewa suna girma. Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce guda ɗaya ba: a mayar da ni hedikwata, ko a ƙarƙashin matakala ne a ba ni kujera.

Abokin aikina guda ne, wani dattijo ɗan garin mai gadi da shara, babba ne a cocinsu. Ina kiransa Baba, yana kirana Malam. Ya yi aiki da jami'ai uku kafin ni. Na taɓa tambayarsa yadda suka yi suka bar wurin.

Ya ce, "Na farko ya yi ritaya. Na biyu Allah ya yi masa rasuwa."

"Na uku fa?"

"Shi wannan, yayan matarsa babban oga ne."

Na lissafa dangin matata kaf a zuci, tun daga Zariya har Funtuwa, ban samu oga ko ɗaya ba. Masu atamfa ne da malaman allo.

Kowace safiya Baba yakan goge randar nan da tsumma kafin ya taɓa tsintsiya. "Kakata ne ya gina shi," in ji shi da irin Hausarsa, kullum kamar yau ya fara faɗa mini. Daga nan mu zauna a baranda, shi da rediyonsa, ni da littafi. Na karanta duk abin da na sayo tun ina jami'a na ajiye da niyyar wata rana. Wata ranar ta zo, ta zauna, ta ƙi tafiya. Akwai littafin baƙi a kan tebur kusa da ƙofa, mai gurbin suna da gari da ra'ayi. Mutum na ƙarshe da ya sa hannu a ciki wani mai babur ne da ya shigo fakewa daga ruwan sama. A gurbin ra'ayi ya rubuta: "Ruwa ya yi yawa."

Na rubuta takardar neman canjin wurin aiki tun a shekarata ta farko. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san fayil ba ya da ƙafa, sai mai shi ya ara masa nasa. Dole ka je da kanka, ka gaida wannan, ka jira wancan, ka ɗauko fayil daga wani tebur ka kai wani. To hedikwata tana buɗe ne daga Litinin zuwa Juma'a, daga safe zuwa la'asar, daidai lokacin da doka ta ce gidan tarihina ya kasance a buɗe da jami'insa a ciki. Wanda ya rufe ba izini, takardar tuhuma ke jiransa. Izinin kuma ana karɓarsa ne da hannu, a ofishin da kake neman izinin zuwa. Ban san wanda ya tsara wannan ba, amma da ɗalibina ne da na ba shi maki cikakke.

Saboda haka sai waya. Akwai wani sakatare a ofishin Darakta, mutumin kirki, wanda duk lokacin da na kira yakan ce, "Oga, fayil ɗinka yana kan hanya." Ban taɓa jin wace hanya ba. Shekara biyu da rabi yana kanta.

Wata rana a tsakiyar damina shi ne ya kira ni da kansa. Ya rage murya ya ce ana maganar rufe ƙananan gidajen tarihi da ba mai zuwa, a kwaso kayansu da jami'ansu a dawo da su cikin gari. Ya ce Madam Darakta za ta je taro Sheda ranar Alhamis, ya kuma sa mata a jadawali ta biya ta wurina ta gani da idonta.

"Oga, ka gane ko? Kar ka yi komai. Ta zo ta ga wurin yadda yake."

Na gane sarai. Karo na farko a rayuwata aka ce nasarata tana cikin in zauna in naɗe hannu. Kango shi ne hujjata, kuma kango ina da shi, Allah ya hore.

Da na gaya wa matata, tana ninke atamfofi ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Kai? Kai da ko mai karanta mita ne ya shigo gidan nan sai ka shimfiɗa masa tabarma ka tambaye shi mutanen gida? Kai ne za ka bar baƙuwa ta zo ta same ka cikin yanar gizo?"

Na ce, "Za ki gani."

Ta ce, "Allah ya nuna mana, Malam."

Abin da ban iya ba shi ne gaya wa Baba gaskiya. Ta yaya zan dubi tsohon nan in ce masa ina addu'a a ɗora randar kakarsa a bayan akori-kura a kai ta wani sito a Abuja? Na lallashi kaina da cewa ya kusa ritaya, cewa a can za a fi kula da kayan. Ranar Talata dai na ce masa, kamar abin bai dame ni ba, "Baba, Madam Darakta za ta biyo ranar Alhamis. Tsayawa kawai za ta yi ta wuce. Don Allah kada ka wahalar da kanka, kada a yi komai."

Ya ce, "To, Malam."

Ni da aka haifa a ƙasar nan, na girma a cikinta, ya kamata in san abin da na faɗa. Duk baƙon da ya taɓa aiko mana cewa kada a wahala, mahaifiyata kaza take yanka masa. Haka ake faɗa, haka kuma ake ji, a Zariya da nan duk ɗaya ne. Ni kaina ban tsira ba. Ranar Laraba na ga yanar gizo a saman ƙofa, na ce wannan kam ƙazanta ce, ba hujja ba, na share. Na ga takardun bayanin da ke jikin tukwane sun koɗe, wasu da kurakuran rubutu da suka daɗe suna ci mini rai, na zauna na sake rubuta su da hannuna mai kyau. Da zan tafi na biya kanti na sayi lemo da ruwan gora, domin ko rufe ka mutum ya zo yi, ba ka bar shi da ƙishirwa ba.

Ranar Alhamis tun daga bakin titi na fara jin ganga. Na ce wa mai babur ko biki ake yi a garin. Ya ce, "Ai wajenku ne, Malam."

An kafa rumfa biyu a gaban baranda. An jero kujerun roba na coci, da bencina daga makarantar firamare, da 'yan makarantar su kansu, aji uku, cikin kayan makaranta, an shafa musu mai suna ƙyalli. Matan unguwar tukwane sun kwaso yumɓunsu sun baje a gefe suna gini, wasu na tahowa da tuluna a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Hausawan kasuwa, Kanawa da Katsinawa masu shaguna, sun rufe sun zo da goro a faranti. Mai unguwa yana zaune a tsakiya da babbar riga. Gangar da ake kaɗawa kuwa tamu ce ta ɗaki na biyu, an yi mata sabuwar fata cikin kwana biyu, bayan shekarun da na yi ina rubuta wa hedikwata a kanta.

Na ja Baba gefe. "Baba, me na ce maka?"

"Ka ce kar in yi komai. Ban yi komai ba, Malam. Mai unguwa kawai na gaya wa."

"Shi kuma fa?"

"Shi ya gaya wa fasto da liman." Ya dube ni da mamaki, ganin fuskata. "Malam, babban baƙo zai zo garinmu ya samu ɗaki wayam, kai kaɗai da ni kamar masu zaman makoki? A je Abuja a ce haka muka riƙe ka? Ina za mu sa fuskarmu?"

Don ni suka yi. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Madam ta iso wajen sha ɗaya. Mace ce mai jiki, 'yar Filato, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Ta fito daga mota da alamar wadda ta ware minti goma, sai ta tsaya turus. Yara suka miƙe suka gaishe ta da murya ɗaya. Mai unguwa ya yi jawabi. Aka ba ta goro, aka ba ta ƙaramin tulu. Sannan kowa ya juyo ya dube ni, domin ni ne jami'i, ni zan zagaya da baƙuwa.

Na shiga ɗakin farko da niyyar in yi bayani a gurguje, cikin murya marar daɗi. Amma yaran suka biyo mu suka cika ɗakin, suka zauna a ƙasa, suka ɗaga kai. Shekara kusan uku rabona da ganin ido sittin suna jiran in yi magana. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya me ya sa gindin tulu yake a zagaye, ba ya zama da kansa. Daga nan ban san lokacin da na tafi ba. Na yi bayanin yumɓu da wuta, na sa su taɓa dutsen niƙa su ji ramin da hannayen mata suka yi masa, na tambaye su me zai sa mutane masu gona a fili su kwashe su koma kan dutse inda ruwa ke wuya. Suka yi ta gardama har suka gano da kansu. Na kira Baba ya ba da labarin randa, ya bayar. Na jagoranci jama'a har bakin ganuwa, Madam tana biye da takalmanta masu tsini a cikin laka, ba ta ko damu ba. Ban taɓa koyar da darasi mai kyau kamar na ranar ba, kuma tun ina cikin yinsa wani ɓangare na kaina yana tsaye a gefe yana kallona yana salati.

Da muka dawo baranda na samu na matsa kusa da ita. Na ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya ba kullum wurin yake haka ba."

Ta yi dariya. "Malam, bar ƙanƙan da kai. Na ga abin da na gani. Ni ma kakata tukwane take ginawa, yau ka tuna mini da ita. Ina littafin baƙinku?"

Na ji sanyi a raina, domin littafin ba ya ƙarya. Na ɗauko shi na buɗe mata a kan tebur. Ashe tun da safe Baba ya tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya zo sai ya sa hannu. Shafi huɗu cif. Malaman firamare sun rubuta ra'ayi da Turanci mai nauyi, 'yan kasuwa wasu da ajami, matan tukwane an shafa musu tawadar biro a babban yatsa sun dangwala. Madam tana dubawa tana gyaɗa kai.

Shafi ɗaya kawai ya rage in juya baya. A can kwanan wata yake tsalle daga wata zuwa wata, a can duk hujjata take. Na sa yatsana a gefen takardar. Baba yana tsaye a hannun damana, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Mai unguwa yana hagu, yana leƙen littafin yana murmushi, ga fasto ga liman a bayansa. In na juya, na gaya wa baƙuwa a gabansu cewa duk abin nan shiri ne, garinsu ba mai zuwa, tarihinsu ba mai tambaya. Na sake duban fuskokinsu. Sannan na zare hannuna, na miƙa mata biro.

Ta rubuta layi uku na yabo. Tana mayar mini da biron ta ce, "Ka san takardarka ta neman canji tana kan teburina? Saura kaɗan in sa hannu makon jiya, na ce bari dai in zo in gani. Gara da na zo. Da na yi wa garin nan asara."

Na ce, "Na gode, ranki ya daɗe." Jama'a suka yi tafi.

Da na koma gida matata ta dube ni sau ɗaya ta ce, "An yi shara ko?"

Na ce, "Har da ganga."

Ta zubo mini tuwo, ta zauna tana kallona ina ci, abin da ba ta saba yi ba.

Takardar ta iso bayan mako uku, wannan karon ba ta ɓata a hanya ba. Sakin layi na farko yabo ne, an ce a saka kwafinsa a fayil ɗina. Na biyu ya ce an cire gidan tarihinmu daga jerin waɗanda za a rufe. Na uku ya ce bisa la'akari da ƙwazon jami'in da kuma sha'awar da jama'a suka nuna, an ajiye batun canjin wurin aikinsa, kuma daga yanzu za a riƙa buɗe wurin har ranar Asabar, domin ita ce ranar da mazauna Abuja ke samun sukunin fita. Batun ranar hutun da za ta maye gurbinta, an ce za a duba nan gaba.

Na karanta wa Baba, na fassara masa. Ya cire hula ya ɗaga hannu sama ya yi godiya ga Allah da harshensu, ya daɗe yana yi. Sannan ya dubi fuskata.

"Malam, ba ka ji daɗi ba ne?"

Na ce, "Na ji, Baba. Hanya ce kawai nake tunani. Kwana shida a mako, jikina ba zai ɗauka ba."

Mazauna Abuja ba su zo ranar Asabar ba, kamar yadda ba su zo ranar Talata ba. Makarantar firamare dai takan turo aji guda lokaci-lokaci, in sun zo ina koyar da su, ba na kuma yin ƙasa-ƙasa da murya. Na jure zirga-zirgar wata biyu, har ranar da na yi barci a mota aka wuce da ni har garin Abaji. A ƙarshen makon muka zauna da matata muka yi magana mai tsawo, wadda ba ta shafi mai karatu ba. Muka tsaya a kan in riƙa kwana a can, in dawo Durumi yammacin Asabar, in koma asubahin Litinin.

Da safe na sami Baba yana shara a baranda. Na ce masa ya taimaka ya tambaya mini ko akwai ɗakin haya a garin, ƙarami, mai ƙofa mai kyau.

Ya jingina tsintsiya da bango. "Akwai, Malam. Bayan gidan mai unguwa, kusa da masallaci, ba ka da nisa da sallah. Tun zuwanka na yi wa mai ɗakin magana, na ce a ajiye maka."

Na ce, "Tun zuwana?"

Ya ce, "Na ga kana son karatu. Irinku ba su tafiya." Ya ɗauki tsintsiyarsa. "In an tashi sai mu je ka gani. Taga ɗaya ne, amma yana kallon dutse."